Sunan da Gilashi Ya Tona

Shafi na 23

Na ga saƙonninku. Masu cewa na cika ɗaure wa Anselme gindi, ku karanta wannan shafin tukuna, sannan ku dawo mu yi ta. Ni kaina sai da na ajiye rubutun na sha ruwa.

*

Duk wanda ya san gidan Garrigou a unguwar Saint-Antoine ya san doka ɗaya: ba a banko ƙofar ɗakin zinare. Ƙwanƙwasawa ake yi, a jira a ce shigo. Mai kawo gawayi ya san wannan, matar da ke sharar tsakar gida ma ta sani.

Amma Anselme, wanda aka haifa a benen da ke saman ɗakin nan, shi ne ya banko ta da ƙafa da hantsin nan.

Iskar da ta biyo shi ta sure fallen zinaren da ke kan allon fatar Leontine. Ya tashi sama, ya naɗe, ya je ya manne a jikin bututun murhu. Fallen zinare bai kai ɓawon albasa kauri ba, in ya tashi ya tafi ke nan.

Leontine ba ta ɗago ba.

"Wane jakin ne?"

"Yaya, ni ne."

"Na san kai ne. Shi ya sa na tambaya."

Ta ajiye buroshi, ta juyo ta ƙare wa ƙanin nata kallo tun daga takalmi mai sheƙi har zuwa gashin da ya sha mai. Wannan fa shi ne ɗa namiji tilo na Baba Firmin maƙeri. Ya tsere wa zuga-zugi ya koma ɗaura laktaya a kantin Monsieur Sarrazac, mutumin da ke sayar wa masu hannu da shuni teburan gidan Garrigou, bayan ya manna musu ɗan farantin tagulla mai sunansa, wai shi ya zana.

"Ɗauko akwatinki," in ji Anselme yana haki. "Monsieur Sarrazac na son ganinki a wurin baje koli. Yanzu-yanzu."

"Ni? Ashe ya san da ni a duniya?"

"Don Allah, Yaya, ba lokacin wannan ba ne. Matsala ce ta taso a kan teburin."

Tebur ɗaya ne ake kira teburin a gidan nan. Ƙafafunsa kibau ne biyu-biyu a gicciye, an ɗaure su da igiyar ƙarfe mai tuntu, ga kan rago a kowace kusurwa, duka ta lulluɓe su da zinare da hannunta. Shi za a nuna wa alƙalai gobe a babban baje kolin Paris. Kuma tun da ciwo ya kama ɓarin daman Baba, kowa ya san daga wannan teburin ba wani da zai sake fita da sunansa.

"Kun kayar da shi?"

"Ba a kayar ba. Monsieur ne ya ce a cire dutsen marmaran, a ɗora gilashi."

"Gilashi."

"Shi ake yayi yanzu. Ya ce dutse kayan kakanni ne. Amurkawa gilashi suke so, su riƙa hango ƙafafun tebur daga sama."

Leontine ta fashe da dariya, irin dariyar da gara a zage ka da a yi maka ita.

"Anselme, gaya min gaskiya. Maigidan naka ya taɓa ɗaga dutsen tebur ya leƙa ƙarƙashi tun da uwarsa ta haife shi?"

A wannan sana'ar ba a ɓarnar zinare a inda dutse zai rufe. Saman ƙarfen da dutsen ke zama a kai, jan fentin hana tsatsa kawai ake shafa masa. A nan ne kuma maƙeri ke buga sunansa, a ƙarshen ƙarshe, shi kaɗai a ɗaki, sannan ya kira a ɗora dutse. Mai kanti ya manna nasa sunan a waje, maƙeri ya binne nasa a ciki. Haka kakan Baba ya yi, haka Baba ya tarar.

"To ku mayar da dutsen mana."

"Ya rabe biyu a hannun 'yan dako."

"Madalla. Allah ya ƙara."

Sai kuma dariyar ta tsaya mata cak.

"Tsaya. In gilashi ne a kai, sunan ya fito ke nan?"

Anselme ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa.

"Suna ya fito."

"Sunan Baba? A fili? Gaban duk Paris?"

Anselme ya hau gyara laktayarsa.

"Kuma shi ne ka zo ka kira ni in yi me?"

"Ki cike ramukan, ki shafa zinare a kai. Ba wanda zai iya kafin gobe sai ke. In kin sa man da ke riƙe zinare yau, zuwa safe ya kama."

"In cike sunan ubana."

"Yaya, rage murya, zai ji."

Ta waiwaya ta hango Baba Firmin ta 'yar taga, can cikin maƙera, zaune a kujerarsa kusa da wuta, hannun dama a kan cinya kamar ba nasa ba. Abin da ya fi ƙona mata rai ke nan: ta san abin da zai ce in ya ji. Ta ji shi ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Ki bar su, Leontine. Tagulla tana faɗuwa. Wata rana wani zai ɗaga dutsen ya gani. Shekara da shekaru mutumin nan yana haƙuri har haƙurin ya zame masa ciwo na biyu.

Ta fizgo akwatinta, ta zura rigar sanyi a kan rigar aiki.

"Zan je."

"Yauwa, Yaya, na san..."

"Ba ka san komai ba. Zuwa zan yi in ga sunan ubana da rana tsaka, ko sau ɗaya ne kafin in mutu. Wuce mu tafi. Kuma ka ja ƙofar a hankali, kamar ɗan gida."

*

Zauren baje kolin ya cika da bugun guduma da ihun 'yan dako. Kowane kanti ya kewaye nasa wurin da labule, kada maƙwabci ya leƙa ya saci fasali. Da suka zo na Sarrazac, Anselme ya riƙo hannun rigarta.

"Ki ji ni. Madam Rouvel, shugabar alƙalai, tana zagayawa cikin zauren nan tun ɗazu. Don girman Allah kada ki ɗaga murya."

"Sake min riga."

Monsieur Sarrazac na tsaye a ciki, fure a ƙirjin kwat, farin safar hannu a hannu. Teburin na bayansa, an yafa masa koren zane. Daga ƙasan zanen tana hango kofaton ƙafa ɗaya yana walƙiya, da ɗan farantin tagullar nan a jikin sandar ƙasa: SARRAZAC, PARIS.

"A'a, 'yar Firmin, kin iso. Sannu da zuwa."

'Yar Firmin. Tun kafin yaƙi take shafa wa mutumin nan zinare, bai taɓa kiran sunanta ba. Wani lokaci 'yar Firmin, wani lokaci baiwar Allah, in yana sauri kuwa, ke.

"Ɗan gyara ne ƙarami," ya ce yana murmushi. "Mahaifinki ya tsufa, ya yi mana 'yar ɓarna a sama. Ki share min ita, ki shafa zinarenki mai kyau, shi ke nan kowa ya huta."

"Ɓarna?"

"To, rubutu ne. A inda bai kamata ba."

"A inda ya kamata yake, Monsieur. Nan ne wurinsa tun zamanin sarakuna. Gilashinka ne ya zo inda bai kamata ba."

Murmushin ya ragu kaɗan.

"Ba gardama na kira ki mu yi ba."

"Ni kuwa ita na zo yi." Ta dire akwatin a ƙasa. "Ka san teburanmu nawa ne a gidajen manya da sunanka a jiki? Ba ka sani ba. Ka san yadda ake lanƙwasa ƙahon rago bai tsage ba? Jarida ta ɗauke ka hoto riƙe da fensir, kana kallon sama kamar mai jiran wahayi. Fensirin ma aro ka yi a wurin mai hoton, Anselme ya gaya mana, muka yi ta dariya a kan miya."

"Yaya!"

"Ƙarya na yi? Ba kai ka faɗa ba?"

Anselme ya yi wuƙi-wuƙi, kunnuwansa suka yi ja.

"Ba mu taɓa cewa uffan ba," ta ci gaba. "Ka ɗauki gaba, mun yarda. Ka ɗauki jarida, ka ɗauki lambar yabo, ka ɗauki gaisuwar matan ministoci, duk mun bar maka. Ɗan wurin nan da bai kai faɗin yatsa uku ba, a cikin duhu, ƙarƙashin dutse, shi kaɗai ubana ya riƙe. Ba shi ya tone ba, kai ka tone da hannunka. Yanzu kuma shi ma kana so? Ba ka ƙoshi ba?"

"Kin gama?"

"Ban fara ba."

"To saurara." Ya soma zare safar hannunsa yatsa-yatsa. "Alƙalan nan har ƙarƙashin kujera suke leƙawa. Ba tulun furen da zai rufe abin nan. In suka ga suna biyu a tebur ɗaya, tambaya za su yi. In suka yi tambaya, ni zan ji kunya na kwana ɗaya. Ku kuwa, ba mai kantin da zai sake kawo muku ko ƙusa ku miƙe masa. Ina tabbatar miki da wannan, duk abokaina ne."

"Sai mu koma yin ƙofofin maƙabarta. Matattu ba sa satar suna."

"Kina da baki, 'yar Firmin."

"Gado ne. Ta wajen uwa."

"Na lura. Shi ya sa na riga na aika direbana ya ɗauko mahaifinki. Shi mutum ne mai hankali, ya san yadda ake zama da mutane."

Nan fa idonta ya rufe.

"Ka aika a ɗauko mara lafiya? Mutumin da ba ya iya sauka bene sai an riƙe shi? Don ya zo ya tsaya yana kallo a goge sunansa?"

Sarrazac ya ɗaga gira.

"Sunansa? Wa ya ce miki sunansa ne?"

Ta dubi Anselme. Anselme ya dubi labule.

"Au, bai gaya miki ba?" Sarrazac ya yi 'yar dariya. "Da sunan Firmin ne ai da sauƙi. Sai in ce tsohon ma'aikacina ne, al'adarsu ce ta da, alƙalai su yi murmushi su wuce. Amma wannan?"

Ya fizge koren zanen.

Hasken rufin zauren ya zubo a kan gilashin, ya ratsa, kibau da kawunan raguna suka ɗauki wuta. Leontine ba ta ga ko ɗaya ba. Idonta na kan ƙarfen nan mai jan fenti da ke ƙarƙashin gilashin.

Hatimin Baba ta sani, ɗan ƙarami ne, bugu ɗaya ake masa. Wannan ba shi ba ne. Wannan doguwar magana ce, an buga ta harafi bayan harafi, wani ya hau sama, wani ya karkace, wani an sake bugunsa don na farko bai shiga ba.

LEONTINE GARRIGOU TA ZANA.

Ta sake karantawa daga farko.

Ranar ta dawo mata. Ranar da aka gama teburin, Baba ya ce kowa ya fita, kamar yadda aka saba. Ta tsaya a bayan ƙofa tana jiran bugu ɗaya. Sai ta ji bugu, shiru, bugu, dogon shiru, bugu. Tun bayan abincin rana har inuwa ta cika tsakar gida. Ta zauna a matakala ta yi ta kuka a ɓoye, tana cewa hannun Baba ya mutu, ko hatiminsa ya kasa bugawa. Ashe da hannun hagu yake dasa mata suna, shi kaɗai, yana riƙe ƙarfen da gwiwa.

Gaskiya ne kuma, ita ta zana. Tun da ciwon ya same shi, ita ke durƙusawa da alli a daɓen maƙera kafin ma'aikata su iso, da safe ta ce musu ga abin da Baba ya fitar. Ta faɗa har ita kanta ta fara yarda. Ta ɗauka shi ma ya yarda.

"Da na gani," in ji Sarrazac, "sai da na tambayi ƙaninki: wace ce kuma Leontine?"

Ta ɗago a hankali.

"Ka tambaya."

"To ya zan yi? Ban san..."

"Ba ka sani ba. Na ji."

Ta juya wurin Anselme. Duk zafin da ta zo da shi saboda Sarrazac ya tattaru ya koma kan ɗan'uwanta.

"Kai kuma ka sani tun safe."

"Yaya..."

"Ka tsaya a ɗakina, ka kalle ni ina cewa sunan Baba, sunan Baba, ka yi gum. So ka yi in zo in goge kaina da hannuna?"

"Na san in na faɗa ba za ki zo ba!"

"Da ka gwada ni!"

"To na faɗa yanzu!" Ya daka tsawa har ya manta da Madam Rouvel ɗin da yake tsoro. "Kin gani, kin ji daɗi? Hatimin gidanmu daga uba sai ɗa, haka yake tun kakanni! Ni ne ɗan! Ina aka taɓa buga sunan mace a ƙarfe? A wace maƙerar? Ko da wasa bai taɓa nuna min inda yake ajiye ƙarafan buga suna ba, amma ke ya yini yana buga miki har da ta zana!"

"Au, ashe nan ne ciwon yake. Ni na ɗauka maigidanka kake karewa."

"Kada ki raina min hankali!"

"Ina kake ranar da Baba ya faɗi a bakin wuta? Kana zuba wa matan attajirai shayi. Wa ya ja shi waje? Wa ke yanka masa burodi, wa ke aske masa gemu? Hatimi kake so? Nuna min tabon wuta ɗaya a hannunka, ɗaya tak, in ɗauko maka shi da kaina."

Anselme ya cusa hannu a aljihun kwat. Ta ɗauka ɓoye hannun zai yi. Sai ya zaro magagari.

Ta gane shi nan take. Magagarin Baba ne, mai ƙotar da ta yi baƙi don riƙo. Daga maƙera ya sato shi da safen nan, tana can tana zura rigar sanyi.

"In ba za ki cike ba, ni zan goge. Sai ki zaɓa, ki shafa zinare a kai ko a nuna shi da tabo."

"Yauwa," in ji Sarrazac. "Ga mai hankali. Ku zo ku ɗaga min gilashin nan."

Leontine ta sha gaban teburin, ta baza hannuwa biyu a kan gilashin.

"Duk wanda ya taɓa shi, da shi da gilashin za su tafi ƙasa tare. Na rantse."

'Yan dakon da suka leƙo suka dubi fuskarta, suka dubi juna, suka saki labulen suka koma.

Ana cikin haka sai ga ƙarar sanda a daɓe. Ƙwas, jan ƙafa. Ƙwas, jan ƙafa.

Direba ya ɗaga labule, Baba Firmin ya shigo. Ko rigar fita ba a bari ya sa ba, da rigar fatarsa ta aiki aka kwaso shi, hula a karkace. Ganin haka ya sa hawayen da take dannewa suka zubo, na baƙin ciki da na fushi a haɗe.

"Firmin, abokina!" Sarrazac ya tare shi da fara'a. "Yi haƙuri da wahalar da kai. 'Yarka ce ta ɗan hau sama. Yi mata magana, ka san ni da kai ba ma haka."

Baba bai dube shi ba. Ya ja ƙafa har gaban teburin, ya sunkuya ya daɗe yana kallon rubutun ta cikin gilashi.

"Ya... karkace," ya ce. Tun da ciwon ya same shi, maganarsa ɗaya-ɗaya take fita.

"Baba," ta ce, "me ya sa ba ka gaya min ba?"

"Na ɗauka... sai bayan... na tafi."

"Ka ji ko?" in ji Sarrazac da sauri. "Shi ma bai yi don a gani ba. Kuskure ne kawai. Firmin, ka san abin da ke tsakaninmu, ka san kuma abin da zai biyo baya in abin nan ya kwana a haka. Kana da ma'aikata, kana da iyali."

Baba ya gyaɗa kai a hankali. Wannan gyaɗa kan ta san shi, shi ne na kullum, na mutumin da ya saba cewa to.

"Baba, don Allah," ta ce. "Kada ka ce in bar su. Yau kaɗai. Ban taɓa roƙonka komai ba."

Ya juya wurin ɗansa, ya miƙa hannun hagu.

"Ba ni."

"Baba, bari ni in yi, hannunka..."

"Nawa ne. Ba ni."

Anselme ya ɗora masa magagarin a tafin hannu. Sarrazac ya sauke ajiyar zuciya, har ya soma mayar da safar hannunsa.

"Matsa," Baba ya ce mata.

"Ba zan matsa ba."

"Leontine. Matsa."

Duk Paris ba wanda zai ce mata matsa ta matsa sai wannan tsohon. Ta janye hannuwanta daga kan gilashin, ta koma gefe, ta juya fuska ga labule don ba za ta iya kallo ba. A ranta tana cewa shi ke nan, ya ba ta da hagu, zai karɓe da hagu.

Ta ji sandarsa ta faɗi. Ta ji nishinsa, da ƙarar gwiwa a daɓe.

Gwiwa? Rubutun ai a sama yake.

Ƙiiiii!

Ta waiwayo. Baba na durƙushe a ƙarƙashin teburin, goshinsa jingine da ƙahon rago, magagari a kan farantin tagulla. Ya sake ja. Ƙiiiii! Garin tagulla ya zubo a kan kafet, rabin sunan Sarrazac ya riga ya zama tabo.

"Firmin! Ka haukace ne? Anselme, riƙe shi! Riƙe shi, na ce!"

Anselme ya yi taku ɗaya, ya ci karo da yayarsa. Ta kafe shi da ido. Ya tsaya a inda yake.

"Suna biyu... ka ce... matsala ne," in ji Baba, bai ɗago ba. Ya sake ja.

Ƙarar ta ratsa zauren kamar ana yanka ƙarfe da rai. Gudumomin maƙwabta suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya. Sarrazac ya yi kansa da kansa zai fizge magagarin, sai aka yaye labulen gaba ɗaya.

Wata dattijuwa ce doguwa cikin baƙaƙen kaya, tabarau rataye a wuya, maza biyu a bayanta. Anselme ya yi fari fat.

"Madam Rouvel," in ji Sarrazac, muryarsa ta koma siririya. "Ai gobe ne... ba mu gama shiri ba tukuna... ɗan gyara ne..."

Ba ta ko kalle shi ba. Ta dubi tsohon da ke durƙushe, ta dubi garin tagulla a kafet. Ta zagaya teburin a hankali, ta shafa ƙahon rago da ɗan yatsa. Sannan ta sa tabarau, ta sunkuya a kan gilashin, leɓɓanta na motsi.

Sarrazac ya matso kusa da kunnen Leontine.

"Kalma ɗaya," ya ce ƙasa-ƙasa, "kalma ɗaya tak, wutar maƙerarku ta mutu a makon nan."

Madam Rouvel ta miƙe, ta cire tabarau, ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Wace ce Leontine Garrigou?"

Sarrazac ya buɗe baki. Anselme ya buɗe baki. Daga ƙarƙashin teburin kuma, wani baƙin hannu ya fito ya kama gefen rigar aikinta, ya tura ta gaba.